Sai Na Ƙwanƙwasa Ƙofar Nan

"Lafiya lau, ango. Sai yau aka tuna da ni?"

"Wa ya tuna da ke? Yunwa ce ta koro ni. Ashe har yanzu kina nan, tsohuwa? Na ɗauka sanyi ya gama da ke mun huta."

Jikana ne, ɗan babban ɗana, wanda nake kira Dogo. Shi a ƙasar Turawan nan aka haife shi, ni kuwa baƙuwa ce. Bayan rasuwar kakansa ne babansa ya matsa sai na dawo wurinsu. Gidan bene ne mai hawa da yawa, kowa da ƙofarsa, kowa da makullinsa. Da safe duk su watse, wasu aiki wasu makaranta, a bar ni da carbi da taga. Ta tagar nan, da ɗan ramin leƙe da ke jikin ƙofa, na san mutanen gidan kaf, ko da yake ba wanda na san sunansa.

Ya wuce kicin ya buɗe tukunya. Na ce, "Ajiye cokalin nan. Rakiya za ka yi mini."

"Ina za ki? Ke da ran nan kika tsaya kina yi wa ƙofar kanti godiya don ta buɗe da kanta?"

"Ta fi ka ladabi. Ita ta ga babba ta ba shi hanya."

"To, ina ne?"

Na nuna masa ƙofar da ke kallon tamu.

Wasu tsofaffi ne a ciki, mata da miji. Kullum da hantsi mijin zai fito da hularsa da ɗan karensa, matar na riƙe da hannunsa, su sauka a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. In mun haɗu sai su yi ɗan murmushi su wuce, don mutanen nan gaisuwarsu ke nan, a nuna haƙora a rufe. Wata rana na ga ma'aikatan asibiti sun sauko da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, tana biye da su da jakarta. Ta dawo ita kaɗai. Bayan kwanaki aka fitar da kayan sawarsa a leda. Wata yarinya ta zo ta tafi da karen. Burodin da take sayowa ma ya koma ɗan ƙarami.

Na ce, "Mutumin nan ya rasu, Dogo. Kuma ko mutum ɗaya bai taka benen nan ya ce mata sannu ba. Ba takalma a bakin ƙofa, ba motsin kowa. Ta'aziyya za ni."

"Wa ya gaya miki ya rasu?"

"Idona."

"Idon da ke neman tabarau alhali yana kan hancinki?"

"Ya dai ga wandonka ya yage a gwiwa. Ko allura ce babu a ƙasar?"

"Haka ake sayar da shi, 'yar ƙauye."

"A sayar maka da tsumma ka biya, kuma ni ce 'yar ƙauye?"

Ya jingina da firij yana taunar nama. "Ba Baba ya gaya miki ba? A nan ba a buga wa mutum ƙofa sai an yi alƙawari. In ta tsorata ta kira 'yan sanda, ko ta kai ƙara wurin mai gidan, Baba ne zai sha kunya. Ni kam ba ruwana. Su tafi da ke in samu yarinya ɗanya in aura."

"Wace yarinya za ta ɗauki mai wuya kamar na raƙumi? Ni ma haƙuri nake da kai, don lada."

"Na sake ki."

"Ka sake ni bayan mun dawo. Yanzu bakinka nake so, tunda yarensu ne kaɗai abin da ka iya."

"Kaka, da gaske nake. Ki bari Baba ya dawo."

In ya ce mini kaka, to wasa ya tsaya. Ni ma na ajiye nawa. Na ce, "Babanka ya hana ni sau da yawa, na yi shiru don gidansa ne. Amma ranar da za a tambaye ni haƙƙin maƙwabci ba shi zai amsa mini ba. Da kakanka ya rasu, abin da mutane suka faɗa duk na manta. Abin da ban manta ba, wata mata ce da ta zo ta zauna kusa da ni har la'asar ba ta ce komai ba. Wannan baiwar Allah ita da bango ne. In ba ka raka ni ba, zan je ni kaɗai in yi mata da hannu."

Ya goge hannunsa a wandon nan. "In kika je ke kaɗai cewa za ta yi bara kika zo. Me za ki kai mata?"

Na ɗauko kular da na zuba abinci tun safe.

"Innalillahi! Girkinki? So kike ta bi mijin yau ɗin nan? Matar da ko warin barkono ba ta taɓa ji ba?"

"Ban sa ko ƙwaya ba. Na ɗanɗana, kamar ruwan wanke hannu. Zai yi mata daidai."

"A nan fure ake kaiwa."

"Fure? Akuya ce ita?"

"Haka ake yi."

"Mutum na cikin baƙin ciki, cikinsa ba komai, a miƙa masa ciyawa?"

"To ki kai kularki, ni in kai ciyawata, mu ga wanda za a buɗe wa ƙofa."

Ya sauka da gudu zuwa kantin bakin titi. Kafin in gama ɗaura mayafi ya dawo da farin fure a naɗe cikin takarda.

Na ce, "Iye! Tun da na aure ka ko tsinke ba ka taɓa kawo mini ba."

"Ke ai sai kin mutu. Na yi miki alƙawarin buhu guda."

Muka fito. Tsakanin ƙofofin nan biyu ba wani nisa. Dogo, duk tsawonsa, ya laɓe a bayana.

"Namijin duniya, fito mana."

"Ina tsare miki baya ne."

Na yi bismillah na ƙwanƙwasa. Shiru. Na sake. Can muka ji jan ƙafa, aka buɗe kaɗan, sarƙa na maƙale. Ido ɗaya ya leƙo, ya dubi mayafina, ya dubi kula, ya dubi fure. Sai aka zare sarƙar.

Na ce, "Gaya mata mun ji abin da ya faru. Allah ya ba ta haƙurin rashin maigidanta. Ni ma na rasa nawa, na san ɗacinsa."

Ya faɗa mata da yarensu, murya ƙasa ƙasa. Matar ta yi tsaye baki buɗe. Ta dafa ƙirji ta yi wata magana da sauri. Na ga wuyan Dogo ya kumbura, ya cije leɓe, idonsa ya kawo ruwa.

"Me ta ce?"

"Ta ce..." Ya haɗiye dariya. "Ta ce da safen nan ta yi waya da shi. Yana nan da ransa. Kin kashe wa mata miji da baki, tsohuwa."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma kafin in sami abin cewa, matar ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, ta kama hannuna ta ja ni ciki. Ɗakinta tsaf, kujeru biyu a gaban taga, ɗaya da ɗan bargo a ninke. Ta zaunar da ni a kan mai bargon. Ta yi ta magana, Dogo na tsinto mini. Ashe mijin faɗuwa ya yi, ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, aka kai shi gidan da ake kula da tsofaffi can bayan gari. Shi ne mai tuƙi, ita ba ta iya ba. Zuwa wurinsa sai ta canja bas, ga ciwon gwiwa, don haka sai ta daɗe ba ta gan shi ba. Ta ce tun da aka fita da shi ba wanda ya tambaye ta ina yake sai yau.

Na ce, "Gaya mata kana da mota."

"Ba ni da mota."

"Gwangwanin nan da kake tayar da unguwa da shi fa? Gaya mata ranar da ba ka da aiki za ka kai mu."

"Mu?"

"Da ni. Na yi wa mutum ta'aziyya yana raye, ai sai in je in ba shi haƙuri ido da ido."

"Ranar hutuna fa ke nan. Barci nake yi."

"Ka yi a kabari. Faɗa mata."

Ya harare ni, ya juya ya faɗa mata. Matar ta miƙe da ƙyar, ta kamo kansa da hannu biyu, sai da ya sunkuyo, ta sumbace shi a goshi.

Muna fitowa ya zube a kan matakala ya yi ta dariya har da buga ƙafa.

"Shi ke nan, kin ci, na sallama. Zan kai ku. Amma ki sani, baya za ki zauna. Gaba na wadda ta san darajata ne."

Na ce, "Ta ɗauke ka kyauta. Ka dai wanke motar, kada mu kai wa mara lafiya wata cutar."