Famfo Ya Fi 'Yata Gata

Kai ne, Ranka Ya Daɗe Babban Mai Kulle Gari, kai ne ka kusa haukata min 'ya. Kada ka waiga, ba da na bayanka nake ba.

'Yata ta haihu, haihuwar fari, ana tsakiyar kullen annobar nan. Mijinta direban babbar mota ne, dokarku ta ritsa da shi a wani gari. Tana can ƙarshen gari a ɗakin haya, daga ita sai jariri sai bango. Da farko in na kira ta a waya kuka take yi, daga baya kukan ma ya ɗauke. Rannan ta ce min, "Inna, in yaron nan ya yi kuka, ji nake kamar ɗan wasu aka ba ni ajiya. Tsoron kaina nake ji." Duk wadda ta taɓa haihuwa ta san ba a zama a kan irin wannan magana.

Na yafa mayafi na kama hanya. A shingen babban titi wani mai kaki, takunkuminsa a haɓa, ya tare ni.

"Iya, ina zuwa?"

"Wurin 'yata. Jego take, hankalinta na neman barin jikinta."

"Tana tari?"

"A'a."

"To lafiyarta ƙalau. Masu aikin gaggawa kaɗai ke wucewa. Ki kira lambar da aka faɗa a rediyo."

Na kira. Allah ya saka wa manyanmu, kiɗa mai daɗi suka sa min, sannan wata murya ta ce in wanke hannu. Na wanke. 'Yata dai ba ta warke ba. Ina tsaye aka ɗage shingen, motar furanni ta wuce gidan wani Mai Girma. Ai fure gaggawa gare shi, kada ya yi yaushi.

Na dawo gida ina ta faɗa ni kaɗai, sai maƙwabcina mai gyaran famfo ya leƙo.

"Iya, ni kullum wucewa nake, famfo aikin gaggawa ne. Ɗauki jakar nan ki biyo ni."

"Da furfurata zan zama yaron mai famfo?"

"Ke dai in an tambaye ki, ki ce yoyo."

Muka koma shingen. Mai kakin ya dube ni, ya dubi jakar.

"Iya, ba ke ce ta ɗazu ba?"

Na ce, "Yoyo."

Ya ɗage shinge, har da yi mana fatan alheri.

Na tarar da 'yata zaune a ƙasa, ta juya wa gado baya. Abincin da maƙwabta suka ajiye a bakin ƙofa ya yi tsami, jariri ya yi kuka har murya ta dushe. Na goya shi, na ɗora tukunya, na tsefe mata kai, ta yi barci a cinyata kamar wadda aka yi wa duka. Yanzu tana ɗan cin abinci, amma har yau ba ta iya haɗa ido da ɗanta. Asibitin unguwa kuwa sun ce ciwon damuwa sai bayan annoba.

Ban yi boko ba, amma na san doka ba daga sama take faɗowa ba. Wani ne ya zauna a ɗaki mai sanyi ya rubuta cewa uwar mai jego ta zauna a gida. A fito min da shi, ya tsaya gaban 'yata ya yi mata bayani da bakinsa. Ya zo da mahaifiyarsa in tana raye, ina so in ji wa ya zauna da ita lokacin da ta haife shi.