Ranar da Na Cire Hula a Taron Rumbun Magani

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu jikokina sai na yi ta lalube, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na cire hula a gaban jama'ar Dakoro ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ni kuwa sabon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shekarata ta biyu da fara koyarwa, ana kirana Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, ina ganin duk garin babu mai kai irin nawa. Ina da kwat guda ɗaya da na sayo a Maradi, da wata baƙar hula irin ta Faransawa da ake ce wa bere, kuma ko rana za ta dafa ƙwai sai na sa su. (Inna takan ce ba ta san karatu yana hana mutum jin zafi ba sai a kaina.)

Gidan likita ɗaya ne a garin, ɗaki biyu da baranda. Mai kula da shi wani Bazabarme ne da ake kira Hamani, anfirmiye, wato ma'aikacin jinya. Mutum ne mai sanyin hali, ba ka jin muryarsa sai ka matso. Maganin da ake aiko masa kafin damina ta yi nisa ya ƙare, daga nan sai ya riƙa wanke miki da ruwan gishiri yana ba mutane haƙuri. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin Hamani sai Maradi, kuma sai an jira kamiyo, babbar motar da ke ɗaukar hatsi, an sallami direba. Wasu su karyar da akuya a rabin kuɗinta don sauri, wasu kuwa kafin a gama cinikin akuyar mai ciwon ya riga mu gidan gaskiya.

Shi ne Hamani ya kawo shawara. Ya ce kowane gida ya riƙa ba da dami ɗaya na hatsi da kaka, a tara a rumbu guda. Da shi za a sayo magani in na gwamnati ya ƙare, da shi za a ɗauki mota in ciwo ya yi tsanani, wanda ya bayar kuwa ba za a tambaye shi komai ba ran da ya kwanta. Magana ta watsu, gari ya rabu. A kasuwa ita ake yi, a bakin rijiya ita ake yi. Wasu suka ce sabon haraji ne aka sauya wa riga. Wasu suka ce ta yaya mutum yana zaune lafiya ƙalau zai biya kuɗin ciwo, ai kiran cuta ne da baki. Kumandan, mai mulkin yankin, wanda shi ma sabo ne kuma ɗan ƙasa, ya gaji da jin ƙorafi, ya ce zai tara jama'a sau ɗaya ranar kasuwa. In an yarda a yi, in an ƙi kuma kada wanda ya sake kawo masa maganar.

Hausar Hamani ta sayen albasa ce, ba ta gardama da dattawa ba. Ya same ni a lakwal ya ce ni ɗan gari ne, an san ubana, in taimaka in yi magana a madadinsa. Ya ce shekara biyu yana bin wannan abu, in ya faɗi a wannan taro shi ke nan. Na ga damuwa a fuskarsa, amma gaskiya ba ita ta fi jan hankalina ba. Abin da na hango shi ne ni a tsaye, jama'a a zaune, kumandan yana gyaɗa kai. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, an gama.

Kwana huɗu na yi ina rubuta jawabi. Na rubuta da Faransanci, na mayar da shi Hausa, na haddace, na karanta wa awakin gidanmu har suka daina ɗago kai. Ana saura kwana biyu kaina ya ɗauki ciwo, irin wanda in ka sunkuya sai ka ji kamar idanu za su zubo. Inna ta dube ni ta ce jini ne ya taru mini a ƙeya, in je wurin Baba Nomau ya sa mini ƙaho. Baba Nomau shi ne wanzamin gidanmu tun kafin a haife ni. Na zaunar da ita na yi mata darasi a kan ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, da yadda aska ke ɗaukarsu daga wani zuwa wani. Ta saurara har na gama, ta ce to Allah ya sawwaƙe, ta ɗauki mayafinta ta shiga maƙwabta.

Tana fita na leƙa. Tsakar rana ce, kowa ya shige inuwa. Na bi ta bayan gidaje kamar wanda ya saci kaza, na faɗa zauren Baba Nomau. (Kada ku tambaye ni abin da ya hana ni zuwa gidan likita. Na gaya wa kaina wai ba na son in tayar wa Hamani da hankali. Maganar gaskiya ita ce, da ciwon ya yi ciwo, ƙahon zuciyata ta fi yarda da shi.) Na roƙe shi abu ɗaya: ya kafa ƙahon can sama, inda hula za ta rufe. Ya nuna mini tabarma na zauna. Ya jiƙa gashin, ya aske wuri biyu kamar bakin ludayi, ya tsaga, ya kafa ƙahoni, ya zuƙe. Kafin la'asar kai ya saki sarai, na ja bere har ƙeya na koma gida ina taku ɗai-ɗai.

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi a gaban ofishin kumandan. Shi yana kan kujera a baranda, Hamani a gefensa, jama'a kuwa sun cika fili har bakin hanya, mata a can gefe guda. Alhaji Sanda ya fara magana, wani babban ɗan kasuwa mai kai hatsi Najeriya. Ya ce shi in gidansa an yi ciwo yana da abin sayen magani, don me zai ciyar da ciwon wani, kuma wa ya san cikin da hatsin zai ƙare. Wani dattijo daga Korahane ya ce su ba su ƙi ba, amma shekarar da ruwa ya yi gardama damin ɗaya ma abincin sati ne. Wani makiyayi daga wajen Azagor ya ce su rabin shekara suna arewa da dabbobi, rumbun zai bi su ne? Duk maganganu ne masu kan gado, amma ni a ranar ban ji su ba, jira kawai nake a kira sunana.

Aka kira ni. Na miƙe na fuskanci jama'a, kuma ba yabon kai ba, farkon ya yi kyau. Na yi maganar akuyar da ake karyarwa, na yi maganar jiran kamiyo, na ga tsofaffi suna gyaɗa kai. Da na tsaya nan da na fita da mutuncina. Amma daɗin gyaɗa kan nan ya ɗebe ni, na saki takarda na shiga abin da babu wanda ya aike ni. Na ce mulkin kai ya zo, dole duhun kai ya tafi. Na ce zamanin saiwa da turare ya wuce. Na ce duk mai hankali ba zai sake miƙa jikinsa ga aska da ƙahon saniya ba, a bar wa jahilai wannan. Ina cikin faɗa idona ya sauka a kan Baba Nomau, yana zaune a sahun gaba, zabirarsa a cinya, yana kallona kamar mai sauraron wa'azi. Na kau da kai na ƙara murya.

Saura rufewa. A lakwal an koya mana cewa in za ka girmama babba sai ka cire hula. Mu a gida takalmi ake cirewa a durƙusa, hula kuwa tana nan a kanta, shi kansa kumandan da hularsa yake zaune. Amma ni Mushe ne. Na juya wa jama'a baya, na fuskanci baranda, na zare bere da hannun dama, na rusuna sosai kamar yadda na gani a hoton littafi, na daɗe a haka don kowa ya ga ladabi.

Kowa kuwa ya gani. Sai dariya ta taso daga ɓangaren mata, ta bi sahu-sahu har ta iso gaba. Ni a zatona jawabi ne ya yi daɗi, har na ƙara rusunawa. Sai na ji muryar wata tsohuwa, ba ta ko ɗaga ta ba.

“Wanga aikin Nomau ne. Ko a Katsina na gan shi sai na gane shi.”

Hannuna ya kai ƙeya da kansa. Na ji wuraren nan biyu sumul, sun ɗan tasa, tsagar ba ta ko gama bushewa ba. Na yi sauri na juyo don in ɓoye wa jama'a, ashe na miƙa wa kumandan da Hamani ke nan. Na sake juyawa. Sau uku ina zagaye a wuri ɗaya kafin ya faɗo mini cewa hular tana hannuna. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har na yi fatan ƙasa ta tsage. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne Hamani. Bai yi dariya ba, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Alhaji Sanda bai bar damar ta wuce ba. Ya ce to ga shi nan, in mai magana da yawun gidan likita ma wurin wanzami yake zuwa, su a kan me za su zuba hatsinsu. Mutane suka fara miƙewa suna kakkaɓe riguna. Na san na kashe wa bawan Allah nan wahalarsa ta shekara biyu da bakina.

Sai Baba Nomau ya dafa ƙasa ya tashi. Na ce a raina yau na kaɗe, zai rama.

“Ku zamna kaɗan,” in ji shi. “Kan ga da kuke ma dariya, tun shina da kwana bakwai nike aske shi. Girma dai ya ƙara, amma shi ne. Shekaranjiya da ya zo ko dala bai ba ni ba, ni ko ban tambaye shi ba. Don mi? Don uban shi na aiko mani da dami duk kaka, ko an yi ciwo gidan ko ba a yi ba. Kai ma Alhaji haka kake yi. Shekara nawa ban sa ma kowa ƙaho gidanka ba, ka taɓa aiko a maido maka hatsinka? To abin da Bazabarmen ga ke roƙo ke nan, ba wani baƙon abu ba ne. Ni ƙahona mataccen jini shike jawowa. Mace in haihuwa ta yi mata gardama, ko ƙaho goma na kahwa mata, sai an tahi Maradi.”

Ya koma ya zauna ya gyara zabirarsa. Waɗanda suka miƙe suka zauna su ma. Abin da na kwana huɗu ina rubutawa ban iya fahimtar da kowa ba, tsohon da na gama zagi ya faɗe shi a numfashi biyar, saboda kusan duk wanda ke wurin yana da wanzamin da yake kai wa dami. Alhaji ya yi 'yan ƙunƙuni ya ce shi dai a nemo amintattu. Mutanen gari da na Korahane suka yarda a gwada kaka ɗaya a gani. Na Azagor suka ce za su yi shawara, kuma a iya sanina har yau suna yi. Aka ɗora kula da rumbun a kan liman da Baba Nomau. (Ni da na sa ran za a ba ni, babu wanda ya ko dubi inda nake, na kuwa gode wa Allah da haka.)

Bayan an watse na tsaya na ba Hamani haƙuri. Ya ce babu komai, ko da na je wurinsa ba shi da ƙwaya ɗaya da zai ba ni. Muka ɗan taka tare, sai ya tambaye ni a hankali ko kan ya daina ciwo da gaske. Na ce ya daina. Ya ce nasa kan kwana uku ke nan yana ciwo.

Washegari na je zauren Baba Nomau, na cire takalmi, na durƙusa. Ya ce in tashi, yaro ai ba ya rasa wauta, kuma in kwantar da hankalina gashi zai fito. Gashin ya fito cikin sati uku. Sunan da aka sa mini, Mushe Ƙaho, shi ne bai tafi ba, har yaran da na koyar suka haifi nasu suna kirana da shi. Tun daga ranar na ɗauki darasi ɗaya: kafin in tsaya gaban jama'a in kushe mutum, sai na fara tambayar kaina ko ya san ƙeyata.