Yadda Za Ki Haɗa Motar Fim Mai Rimot a Gidan da Ake Raba Tsaraba

Ina miki alkawari, 'yar'uwa: in kika bi matakan nan bakwai, motarki za ta tashi. Ban ce za ta je inda kike so ba, amma za ta tashi. Sunana Shifa, 'yar unguwar Maamobi a Accra, kuma yau ne karo na farko da na rubuta abu don mutane su karanta, saboda haka in kin ga kuskure ki kau da kai. A harkar haɗa mota kuwa ni ƙwararriya ce, domin na haɗa guda ɗaya.

1. Ki samu kawu borga

Ba a fara wannan aiki sai da kawu mazaunin Turai, irin wanda muke kira borga. Nawa Kawu Fu'ad ne, daga Jamus. Zai zo miki da kwali mai hoton baƙar motar nan ta fim, mai faɗin tayoyi, wadda jarumi ke tsallake gada da ita hularsa ba ta faɗi ba. Kada ki yi murna tukuna. Babu mota a ciki, sai ƙananan bulo na roba wajen ɗari takwas a leda shida masu lamba, da inji kamar kwalin ashana, da rimot, da littafin hotuna.

Sannan zai dubi kakarki, Hajiya Zuera, ya ce a gaban kowa: "Hajiya, kin ce Shifa ta yi dogon hutu a shagon atamfa a kasuwar Madina. Ni na ce ajin koyon haɗa na'urori a Adabraka. Zan je Kumasi in dawo Asabar. In na tarar motar nan tana tafiya, Adabraka. In ba ta tafiya, Madina."

Ki tuna ke ce wadda kan wuce tasharta saboda kunyar ce wa direban trotro, wato bas ɗin haya, ya tsaya. Ki yi tunanin kanki wata biyu kina kiran masu saye. Wannan tsoron shi ne man fetur ɗinki.

2. Ki bar kwalin a ɗakin Hajiya ki tafi makaranta

Masana sun yi ittifaƙi cewa wannan kuskure ne, amma za ki yi shi. A gidanmu duk abin da ya tsallako teku tsaraba ne, kuma tsaraba ba ta kwana a ɗaki ɗaya. Za ki dawo ki tarar da kwali, da inji, da rimot, da littafi, da leda guda biyu.

"Hajiya, ina sauran?"

"Na raba. Ɗakuna nawa ne a gidan nan? So kike a ce ɗana ya zo daga Jamus bai san maƙwabta ba?"

"Amma Hajiya, ai abu ɗaya ne, haɗa shi ake yi."

"In abu ɗaya ne me ya sa Turawa suka ƙulla shi kashi shida? Su ma sun san mutunci. Ke har biyu na bar miki, kina ta zare ido."

Kada ki yi kuka a gabanta. Akwai bayan tankin ruwa.

3. Ki karɓo kayanki ba tare da kin karɓa ba

Kyautar da Hajiya ta bayar ba a cewa a dawo da ita. Aro ake nema, kuma ba a neman aro kafin gaisuwa. Ki gaida mutum, ki gaida aikinsa, ki gaida ciwon gwiwarsa, ki tambayi 'yan'uwansa na Tamale ɗaya bayan ɗaya. Ɗakuna biyu za su ba ki cikin sauƙi, domin sun ɗanɗana sun ji ba alewa ba ce.

Matsalarki Anti Zelia mai waakye, wato shinkafa da wake. Ita za ki tarar ta juye ledarta a tire ta tsince ta kamar wake, baƙaƙe gefe ɗaya, jajaye gefe ɗaya, har ta wanke su da omo.

"Ei, Shifa, ke da ba ki magana, yau har da gaisuwa uku? Me kike so?"

Ki faɗa mata a hankali.

"Chale, ƙawata, ba matsala. Tukwane na nan."

Safiya biyu za ki yi kina kankare ƙanzo. Ki ɗauka darasin farko ne na injiniyanci.

4. Ki bi littafin, kada ki bi jama'a

Ki shimfiɗa tabarma, ki buɗe shafi na ɗaya. Littafin ba ya magana, hoto ne da kibiya, shi ya sa na fi son shi da yawancin mutane. Fara da ƙashin motar, ki zaunar da inji a tsakiya, ki zura sandunan da tayoyi za su hau. 'Yan faya-fayan nan masu haƙora ki tabbata haƙoransu sun ciji juna. In kin juya ɗaya sauran ba su motsa ba, warware ki sake. Ni sau huɗu na sake, sau ɗaya da hawaye.

Tunda kowane ɗaki ya taɓa riƙe leda, kowa yanzu yana da hannun jari. Za su kewaye ki. Wata za ta ce baƙi launin baƙin ciki ne, a sa ja a sama. Wani zai tambayi ina fasinja za su zauna. Ki ce "to" ga kowa, ki yi abin da kibiya ta ce.

5. Ki je wa Baba Lauwali da ladabi

Ledar tayoyi tana wurin Baba Lauwali, tsohon direban trotro, shekara talatin tsakanin Nima da Tudu. Zai miƙo miki taya uku.

"Baba, huɗu ne."

"Na sani, jikata. Ni za ki gaya wa tayar mota?"

Sai ya nuna ƙasa. Ta huɗun tana ƙarƙashin gajeriyar ƙafar bencinsa.

"Shekara takwas bencin nan yana rawa da ni. Kafinta biyu sun kasa. Allah ya kawo magani daga Jamus, ki ce in cire? Kuma mota na tafiya da taya uku, na taɓa kai ta Kaneshie a haka."

Ba a tada dattijo daga kan benci. Ki yi godiya ki fita da baya.

6. Ki ƙera taya

Ranar Juma'a ki nemo murfin kwalbar man zafi. Ki huda tsakiyarsa da ƙusa mai zafi, ki naɗe bakinsa da robar ɗaure leda har sai ya yi kauri, ki tura shi kan sanda. Zai ɗan fi sauran ƙanƙanta. Ki juya wannan gefen wajen bango, ki yi addu'a.

7. Ki danna

Asabar bayan la'asar gida zai cika. Kawu a kujera, Hajiya a tabarma tsakiyar gida. Ki sa batir, ki ce bisimilla, ki danna gaba.

Motar za ta tashi. Wallahi za ta tashi, har da fitila. Sai dai ƙaramar tayar za ta ja ta hagu, ta kewaye tabarmar Hajiya sau ɗaya, sau biyu, sau uku, Hajiya na tattare zaninta tana salati, Baba Lauwali na ihu daga benci: "Sitiyari ne! Ku ba ni in gwada!"

Kawu zai ɗaga motar ya juya ta, ya shinshina. Man zafi.

"Wa ya yi wannan?"

Ki dubi ƙasa ki ce ke ce. A ranki ki fara koyon farashin yadin atamfa.

Hajiya za ta shiga tsakani: "Kada ka taɓa mini yarinya, Fu'ad. Tsarabarka ce ba ta cika ba. Turawa sun cuce ka taya ɗaya."

Babu wanda zai kalli benci. Kawu zai yi dariya har ya share ido, ya ce shi da ya sayi irinta a Jamus, da tayoyinta huɗu cif, wata guda ya yi bai gama ba.

"Litinin da safe ki shirya. Adabraka."

Hajiya za ta ce ai dama ita ta san haka.

Sanarwar kare kai

Marubuciya ba ta da alhakin abin da zai biyo baya. Babu ruwanta in gida ya fara kiran ki Fita, wato bakanike, ko in kin wayi gari kin tarar da rediyo uku, da tocila, da injin markaɗen Anti Zelia jere a ƙofar ɗakinki, kowa na cewa ba sauri, amma yau yake so. Musamman ba ta da alhakin fankar Hajiya, wadda yanzu haka take kwance a buɗe ƙarƙashin gadona, sukurori biyu sun yi saura, kuma Accra zafi ake yi.