Hoton Baba a Gaban Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara mutanen unguwarmu da hannuna, na jera musu kujeru, na raba musu ruwan leda, don su zo su kalli yadda zan kunyata ubana yana kwance a kabarinsa ba. Babu wanda ya aike ni. Ni na buga takardun gayyata, ni na bi gida gida a Ƙofar Sauri ina rabawa, ina washe baki kamar mai rabon goron ɗaurin aure.

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a nan Katsina, kuma na daɗe ina ɗauke da wata cuta, wato son ganin sunana a bayan littafi. Da na rasa abin da ba a riga ni rubutawa ba, sai na faɗa kan filin jirgin garinmu: yaushe aka share shi, wane irin jirgi ya fara sauka, su wa suka fara hawa. Na je Kaduna gidan ajiyar tsofaffin takardu, na yi kwanaki ina atishawa a kan fayil, na dawo da abin da bai cika shafi biyu ba. Sai na koma kan tsofaffi. To, ga yadda nake tambaya (Allah ya yafe mini): "Baba, ai a lokacin jirgin yana zuwa da fasinja, ko ba haka ba?" Dattijo ya dubi malamin makaranta da biro a hannu, ya ce haka ne. Ni kuma in rubuta cewa ganau ya tabbatar. Haka na cika littafin rubutu guda da maganata, ina jingina ta ga bayin Allah.

Ana cikin haka damina ta yi ƙarfi, ɗakin Inna, mahaifiyata, ya fara yoyo. Muka fito da kayanta ni da ƙanwata Binta. A can ƙasan adakarta, a naɗe cikin wani tsohon kallabi, na ci karo da wani ɗan hoto da bai kai tafin hannu ba. Ya dushe, ruwa ya taɓa gefensa, amma na gane mutumin. Babana ne, Malam Sani tela, wanda ya rasu ina firamare. Yana tsaye cikin babbar riga, da jaka a hannu, a bayansa kuwa ga jirgin sama har da matakala. Na yi wata da watanni ina yawon neman fasinjan farko, ashe yana cikin adakar uwata.

Ni ne ɗan fari, kuma Inna irin matan da ne. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, in tana da magana sai ta faɗa wa Binta ina zaune a wurin, Binta ta juyo ta maimaita mini. Ga shi kuma zancen na miji ne, kunya ta zama biyu. Duk da haka na durƙusa na miƙa hoton, na yi mata irin tambayar tawa: ai Baba yana cikin waɗanda suka fara hawa jirgi a garin nan, ko? Ta dubi bango, ta ce "To." Can ta ce wa Binta a mayar da abin inda aka ɗauko shi. Ni da digirina na fassara wannan da kawaicin matar da ba ta son yabon mijinta a gaban ɗa. Na sa hoton a aljihu na tafi gidana a Kambarawa.

Daga nan labari ya fara tsiro da kansa. Tela ne, to lallai Kano zai je sayo yadi. Ga jaka, to lallai kwana zai yi. Kafin mako biyu na gama babi sukutum a kan talakan da ya riga attajirai keta hazo. Akwai mutum ɗaya da ya kamata in nuna wa hoton, Alhaji Mamman mai hoto na Ƙofar Kaura, tsohon da ya ɗauki rabin mutanen birnin nan a zamaninsa. Na je wurinsa har sau biyu, hoton yana aljihuna, na ƙi fito da shi. Tsoro nake kada zance ya fita wani ya riga ni. Abin da na yi kawai shi ne na gayyace shi taron ƙungiyar unguwa da na shirya, na ce zai zauna a sahun gaba a matsayin babban baƙo.

Ranar Asabar bayan la'asar, ɗakin taron makarantar firamare ya cika. Mai unguwa ya zo, limami ya zo, abokan aikina sun zo (rabinsu don su ga ƙarshen iyayina). Mata suna baya, kuma na matsa wa Binta sai da ta kawo Inna. Na aro majigi, na sa an rufe tagogi. Na yi kusan awa ina zuba, ina cewa "bincikena ya nuna" kamar mai jan carbi. Sannan na sassauta murya, na ce yau zan nuna musu ɗan unguwarsu da tarihi ya manta da shi. Na danna. Babana ya cika bango.

Sau ɗari na kalli hoton nan a tafin hannuna, amma ban taɓa ganinsa da girman bango ba. Abin da na fara lura da shi shi ne wani layi da ya ratsa cikin jirgin daga sama har ƙasa, irin na zanen da ya daɗe a ninke. Sai na ga ƙafafun Baba a kan ledar ɗaki mai zanen fure suke. A can kusurwar sama kuma, a tsakiyar gajimare, ga kan ƙusa. Bakina bai daina magana ba, amma idona yana kan ƙusar nan.

Alhaji Mamman ya gyara tabarau, ya dogara sanda ya miƙe. Da fara'arsa ya yi maganar, shi a ganinsa taimako yake yi.

"Malam, ai wanga jirgi nawa ne," in ji shi. "Labule ne. Wani mai fenti ya zana mani shi. Shina nan cikin ɗaki har yau, sai dai ɓera ya ci hiffike guda."

Wani ya tuntsire a baya, dariyar ta bi sahu sahu har ta iso gaba. Na ga liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye, don ni na jawo. Amma tsoho ya ga an saurare shi, sai ya ci gaba. Ya ce a lokacin duk maniyyaci sai ya zo shagonsa ya tsaya gaban labulen nan kafin tafiya. Ya ce Malam Sani ne ma ya kalmashe masa bakin labulen a keken ɗinkinsa. Shekarar da abokan Baba uku suka tafi Makka, da shi aka yi niyya, Allah bai nufa ba. Ya raka su har mota, ya dawo shagon da yamma, ya ari jakar da ake ba masu zuwa a ɗauke su hoto.

"Ya ce mani, Mamman, ɗauke ni, ko a takarda dai in tahi. Ya hana ni in hwaɗi ma kowa. Allah ya jiƙan Sani."

Aka amsa da amin, dariyar ta mutu. Wallahi da sun ci gaba da dariyar da ya fi mini sauƙi. Mutum ɗari suna kallon ubana a bango da idon tausayi, ga shi tsaye da jakar aro, ni kuma na rasa madannin da ake kashe majigin. Sai da wani abokin aikina ya taso ya zare wayar daga bango. Da aka buɗe tagogi na duba wajen mata, kujerar Inna babu kowa.

Kwana uku na kasa taka Ƙofar Sauri. A makaranta kuwa an samu abin yi, ina shiga ɗakin malamai wani zai tambaye ni ƙarfe nawa jirgin Kano zai tashi. Wannan bai dame ni sosai ba. Na ji haushin Alhaji Mamman, na ji haushin masu dariya, na ji haushin Binta da ba ta ja ni gefe ba, alhali ita ma ba ta sani ba. Da na gama zagayen neman mai laifi, na dawo kan kaina, don babu wani.

A rana ta huɗu na je, na durƙusa a bakin ƙofa na ajiye hoton a kan tabarma. Binta tana zaune, na jira a bi ta kanta kamar kullum. Inna ta ɗauki hoton ta naɗe a kallabinsa. Sannan ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da tun ina yaro nake fatan ta yi.

"Bai taɓa nuna ma kowa ba sai ni," ta ce. "Duk shekarun nan ina rufa mashi asiri, kai ka haska shi ga bango."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da uwata ta taɓa yi mini kai tsaye, kuma da hannuna na saye ta.

Littafin yana nan a kwali, ban sake buɗe shi ba. Har yau ban san wanda ya fara hawa jirgi a Katsina ba, amma duk Ƙofar Sauri ta san wanda bai hau ba, kuma ɗansa masanin tarihi ne ya yi shelar. Abin da na koya kaɗan ne, ga shi kuma ya zo a makare: in ka tarar da abu a ɓoye, ka fara tambayar wa ake rufa wa asiri, kafin ka je aron majigi.