Oba-obar Nomau

A Tungar Kanya, can bakin gulbi inda waya ba ta samun sabis ko ka hau bishiya, akwai wani gida mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya. Mutum uku ne a cikinsa: Inna Delu mai daddawa, da autanta Nomau, da matarsa Tasalla. Nomau ƙato ne, da hannu ɗaya yake ɗaga buhun masara, ga zuciya fara ƙal, ban taɓa jin ya yi wa kowa ƙarya ba. Matsalarsa guda ce. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko sama da ƙasa za su haɗu. Shi ya sa har ya kai shekara talatin da biyar ba wanda ya taɓa ba shi aiki ya bar shi da shi tsawon mako. Abin yana ci wa Inna Delu rai ƙwarai. Ta sha gaya wa Tasalla cewa ba abin da take roƙo kafin ta koma ga Allah sai ta ga an amince wa ɗanta da wani aiki, a daina nuna shi da baki in ya wuce.

Ana nan sai ƙungiyar masu fito ta sayo oba-oba guda biyu, wato 'yan rediyon hannu da ake magana da juna ta cikinsu, don gulbin namu yana da faɗi, ihu ba ya ƙetare shi. Ɗaya za ta zauna a hayin Marke, inda kasuwa take, a hannun Sarkin Ruwa Arzika. Ɗayar kuma tana neman mai riƙe ta a namu gefen. Inna Delu ta ɗauki mayafinta ta je ta durƙusa gaban Sarkin Ruwa, wanda abokin marigayi mijinta ne. Kunya ta hana shi cewa a'a. Ya kira Nomau ya rataya masa abar a wuya, ya nuna masa maɓallin gefe.

"Ka danna nan ka yi magana. In ka gama ka ce oba, ka saki. Ni ma in na gama zan ce oba. Kada ka kuskura ka buɗe baki sai ka ji na ce oba. Ka gane?"

Nomau ya tsaya yana kallonsa, bai ce uffan ba.

"Oba," in ji Sarkin Ruwa, da ya gane abin da yake jira.

"Na gane, ranka ya daɗe. Oba."

Wata rana, kwana biyu da fara aiki, Sarkin Ruwa ya kira daga hayi ya ce a turo babban jirgi, mutane sun taru. Garin sauri ya manta bai rufe da oba ba. Nomau ya kara abar a kunne, ya zauna a kan gungume yana sauraro cikin ladabi. Sarki ya sake kira. Ya kira da lallashi, ya kira da tsawa, har ya ambaci sunan uban Nomau da kakansa, duk a banza. Korau matuƙin jirgi yana tsaye a gefe yana jin komai, ya ce, "Kai, amsa masa mana!" Nomau ya ɗora yatsa a leɓe, ya yi masa alamar ya yi shiru, Sarki bai gama ba. Sai da rana ta take tsaka, muryar Sarki ta dishe, sannan ya tuna ya furta kalmar. Nan take Nomau ya danna ya ce, "Ina jin ka tun ɗazu, ranka ya daɗe, jirgi na nan tafe. Oba." Da ya koma gida ma haka ya yi wa Tasalla. Ta ce, "Malam, in zubo tuwon?" har sau uku, yana zaune da yunwa yana kallon tukunya. Baiwar Allah sai da ta koyi cewa oba kafin aka ci abinci a gidan nan.

Wata rana kuma hadari ya taso daga gabas. Sarki ya kira ya ce, "Nomau, ka ga hadarin nan? Ko ɗigon ruwa kada ya taɓa oba-obar nan. Oba." Da wani ne, sai ya cusa ta cikin riga ya fake a rumfa. Nomau kuwa ya duba rumfa ya ga tana yoyo, ya duba rigarsa ya ga gumi. Sai ya naɗe ta cikin leda uku, ya sa a busasshen tulu, ya rufe da murfi, ya haƙa rami a tudun yashi ya binne, ya koma nesa ya zauna yana gadi. Hadarin ya zagaye ya wuce, ko yayyafi ba a yi ba. Mata masu kifi suka fito suka baza tirensu daidai kan tudun. Ciniki ya fara kankama ke nan sai wata murya ta fito daga ƙarƙashin ƙasa, a shaƙe, tana cewa, "Nomau! Ina ka shiga? Nomau!" Ai kafin ka ce kwabo babu mace ko ɗaya a wurin, wata ma ɗankwalinta a hannu. Shirwa suka samu gari, suka yi wa kifin dirar mikiya. Da yamma Inna Delu ta bi gida gida tana ba da haƙuri, da ƙullin daddawa a hannunta. Na gan ta ranar, kuma wallahi nan take na daina dariyar da nake yi.

Wata rana Sarki ya ƙetaro ya tarar batir ya mutu murus tun jiya. Ya nuna wa Nomau 'yar fitilar da ke saman abar ya ce, "In ka ga ta yi ja, ka bar duk abin da kake yi, ka ruga da ita wurin mai sola a sa mata caji." Ba a yi kwana uku ba, Nomau na tsaye cikin ruwa iya gwiwa, yana riƙe da igiyar wani kwale-kwale ana loda masa awaki, sai fitila ta yi ja. Ya buɗe hannunsa, igiya ta sulale, ya fita da gudu bai waiwaya ba. Kwale-kwale ya bi ruwa da awaki tara da mai su, wani dattijo da bai iya iyo ba, yana salati suna amsa masa da kuka. Allah ya taimaka suka maƙale a wani tsibirin yashi, Korau ya bi su ya jawo su. Nomau ya dawo bayan awa biyu yana murmushi, fitila ta koma koriya, yana jiran a yaba masa.

Wannan karon Sarkin Ruwa bai yi faɗa ba. Ya zaunar da Nomau a gindin kanya ya ce, "Albarkacin mahaifinka da hawayen tsohuwa nake ci gaba da haƙuri, amma saura kuskure ɗaya. Ka ƙara, in karɓe abata. Daga yau ba ka da dabarar kanka. Abin da ka ji oba-oba ta faɗa shi za ka yi, ko wa ya ce maka akasin haka." Ya juya abar a hannunsa, ya ga yashi da maiƙon kifi sun cika ta, ya yi tsaki. "Kuma ka riƙa goge ta da busasshen tsumma kowace safiya, lungu da saƙo." Nomau ya sunkuyar da kai. Bai gane laifinsa ba, amma ya gane za a iya raba shi da abin da ke rataye a wuyansa, hankalinsa ya tashi matuƙa.

Wata rana, ranar kasuwar Marke ce, tun da farar safiya bakin gulbi ya cika. Korau ya loda babban jirgi har ruwa ya kusa shafar bakinsa: buhunan shinkafa, babura biyu, mata da goyo, da Inna Delu a tsakiya rungume da ƙwaryar daddawarta. Nomau kuwa yana gefe yana goge oba-oba lungu da saƙo. A samanta, kusa da eriya, akwai wani ɗan abin murɗawa mai lambobi na sauya tasha, wanda Sarki ya saita a kan uku bai taɓa yi masa bayaninsa ba. Nomau ya hango datti a ƙarƙashinsa, ya murɗa ya goge, ya ƙara murɗawa ya goge. Sai abar ta yi ƙara, wata baƙuwar murya ta fito tar.

"Daga madatsar ruwa ne. Ruwa ya yi yawa, mun buɗe ƙofofi. Duk mai ji, a janye kowane jirgi daga cikin gulbi yanzu. Oba."

Nomau bai san muryar ba, kuma bai dame shi ba, ai oba-oba ce ta faɗa. Ya danna ya ce, "Nomau ne daga Tungar Kanya. Za a janye. Oba."

Ya shiga ruwa ya fara da uwarsa. Ya sungume ta da ƙwaryarta ya dire a tudu, tana cewa, "Auta, me kuma ka ɗauko mana yau?" Ya koma ya sauke buhuna, ya sauke babura. Mata suka fito da kansu suna tsine-tsine, don ba mai son a ɗauke ta kamar buhu. Korau ya riƙe masa riga yana ihu wai shi bai ji komai ba, Nomau ya ɗaga shi ya ajiye gefe a hankali. Sannan ya naɗa igiya a ƙugu ya ja jirgin nan, da inji da komai, har gindin kanya. Bai tsaya nan ba, tunda kowane jirgi aka ce. Ya bi ƙananan kwale-kwalen masunta ɗaya bayan ɗaya, har da wani ruɓaɓɓe da aka yasar shekara biyu, ya jera su a tudu.

A hayi kuwa Sarki ya kira lamba uku har ya gaji, ba amsa. Ya hangi jirgi a kan tudu, ransa ya ɓaci, ya faɗa ƙaramin kwale-kwalensa ya tuƙo da kansa. Ya sauka ko ɗaure shi bai yi ba, ya ratsa taron da ke ta hayaniya kan kasuwar da ke wuce su.

"Wa ya ce ka yi wannan? Oba!"

"Oba-oba ce, ranka ya daɗe."

"Ƙarya kake! Ni ban ce ba! Oba!"

"Ba ka ce ba, ranka ya daɗe. Ita ta ce."

Mutane suka bushe da dariya. Sarki ya miƙa hannu ya zare igiyar daga wuyan Nomau, a gaban kowa, a gaban uwarsa. Ya ce, "Na sallame ka. Je ka gida." Nomau bai yi musu ba. Ya shafa ƙirjinsa inda abar take zama, idanunsa suka kawo ruwa. Inna Delu ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ni dai ban taɓa jin haushin dariyar mutanen garinmu kamar ranar ba.

Sarki ya ce maza su tura jirgi a mayar. Sun sa kafaɗa ke nan sai aka ji wani gunji daga sama da gari, kamar manyan motoci a kan gada. Kowa ya juya. Ruwa ne ja wur ya karyo kwana, ɗauke da itatuwa da saiwoyinsu da rufin wata bukka. Cikin ɗan lokaci ya cinye yashin da aka yi lodi a kai, ya fizge kwale-kwalen Sarki ya juya shi sau biyu, ba a sake ganinsa ba. Ashe ɗan saƙon da madatsar ta saba aikowa a kan babur ya maƙale a hanya, ruwan jiya ya yanke ta. Kowa yana kallon tsakiyar gulbi, yana auna abin da zai faru da ruwan nan ya riski jirgin a can da lodinsa. Wata mata ta kwance goyonta ta rungume a ƙirji ta fashe da kuka.

Sai oba-obar da ke hannun Sarki ta yi ƙara.

"Nomau na Tungar Kanya, kun janye? Oba."

Sarki ya dubi saman abar, ya ga lamba bakwai maimakon uku. Nan ya gane tashar madatsa ce. Sannan ya taka zuwa wurin Nomau ya miƙa masa ya ce, "Amsa musu. Kai suke nema."

"Ai ka sallame ni, ranka ya daɗe."

"Na mayar da kai." Ya rataya masa igiyar da hannunsa biyu.

Nomau ya share hawaye da bayan hannu, ya danna ya ce, "An janye duka. Sai na Sarki kawai, shi ya zo ne bayan na gama, kuma aka sallame ni ban kai gare shi ba. A yi haƙuri. Oba." Da ya saki maɓallin sai idonsa ya faɗa kan lambar, ya firgita. "Ranka ya daɗe, na ga ta gusa daga inda ka sa ta. Garin gogewa ne. In mayar?"

"Bar ta a bakwai," in ji Sarki. "Mu ne za mu murɗo tamu."

Ranar ba a ci kasuwar Marke da mutanen Tungar Kanya ba. Inna Delu ta buɗe ƙwaryarta ta rabar da daddawar kaf ga matan da ke wurin. Da za su koma gida, ita da ta shekara da shekaru tana bin bayan gari don gudun bakin mutane, sai ta sa ɗanta a gaba suka ratsa ta tsakiyar gari, tana tafe a hankali tana tsayawa gaida duk wanda ta gani.