Rasuwar Kwalbar Maɓallai ta Ajin Ƙididdiga

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, malamin ƙididdiga na ajin ƙarshen baranda yana sanar da rasuwar kwalbarsa ta maɓallai. Ta cika ranar Talata bayan an tashi daga aji, ba kowa a wurin sai shi, tana da shekara goma sha tara a bakin aiki.

Marigayiyar ta rayu da maɓallai ja da fari a cikinta. Kowane ɗalibi yakan girgiza ta, ta amsa da kacau-kacau, ya ɗebi hamsin ido rufe. Idan ya sami ja ashirin, sai ya buga lissafi ya rubuta cewa jajayen da ke cikin kwalbar suna tsakanin kashi ashirin da shida zuwa hamsin da huɗu cikin ɗari, da tabbacin kashi casa'in da biyar. Cikin kintace ɗari irin wannan, kusan biyar kan kuskure gaskiya. Ita ta san ko na su wa ne, amma ba ta taɓa kunyata ɗan kowa ba.

Maiɗakin malam ce ta cika ta, da ragowar maɓallan ɗinkinta. Ita kaɗai ta ƙirga su, ta kuma ƙi faɗa masa adadin jajayen, wai ya ci gaba da kintace tunda sana'arsa ce, sai ranar da ya yi ritaya. Shekara shida ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta. Tun daga lokacin, wannan adadin ne kawai maganar da ba su gama ba, kuma malam yana son abarsa haka.

Ciwon ajali ya fara da 'yar tsaga a wuya. An yi mata magani da salatef har sau uku. Ranar Talata gwiwar hannun malam ta taɓa ta yana goge allo, ta ce tas, ba ta ƙara ba.

Ta bar murfi ɗaya, da ludayin roba, da jadawalin lambobi da ke manne a bango ya koɗe, da maɓallai warwatse har ƙarƙashin bencin baya. Ta bar malam, wanda ya kulle ajin kwana biyu. Abokan aiki sun kawo shawarar a ƙirga a huta, aikin minti goma ne. Yana godiya da kulawarsu.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan darasin ƙarshe, a cikin ajin. Gilashin zai tafi kwandon shara, maɓallan kuma cikin baƙar jaka, a ɗaure bakinta. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada kowa ya ƙirga, ko da a zuci ne. Malam da kansa zai yi sharar, kuma zai cire tabarau kafin ya ɗauki tsintsiya.