Rasuwar Awarwaron da Rawar Hannuna Ke Ciyarwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar awarwaron da ke auna bugun zuciyata. Ya cika ranar Talata da hantsi, a wuyan hannuna na hagu, yana da shekara uku.

Marigayin bai taɓa neman caji ba. Motsin jiki ne abincinsa, ni kuwa hannuna ya shekara takwas yana rawa, saboda haka ya rayu cikin wadata. Kullum da safe sai ya ce "ɗit-ɗit", ya aika wa likita da babban ɗana labarin ina nan daram. A kan wannan "ɗit-ɗit" muka yi yarjejeniya da ɗan nawa: muddin yana magana, za a bar ni a gidana, da littattafaina, da mabuɗina.

Jinyarsa ta fara ne ranar da likita ya canza mini magani. Hannu ya nutsu, na sha shayi ban zubar ba, shi kuwa bawan Allah yunwa ta kama shi. Ba abin da ban yi ba. Na share ɗaki sau uku, na sake wanke wankakkun kaya, na yi ta kai-komo a tsakar gida ina wurga hannu, har maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Iya, sauro ne ko haukan tsufa?" Muryarsa ta koma "ɗi", daga nan shiru.

Likita ya ce, "Mama, ai nasara ce." Na ce nasarar wa? Masu iliminku sun ƙera abin da ke rayuwa da ciwona, ba wanda ya tambayi me zai ci idan na warke.

Ya rasu ya bar tabarau, da sanda, da kwalbar maganin da ake zargi, da ɗana da ya bugo waya sau tara yana cewa, "Mama, sabon awarwaro sai bayan wata biyu. Haɗa kayanki, ranar Asabar zan zo da mota."

Za a binne marigayin ranar Asabar ɗin da safe, cikin aljihun teburin karatuna. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da wuri, musamman masu jiki. Kowa ya samu kujera, ko akwati, ko gefen gado, ya zauna da kyau. Idan kun ji ƙarar mota a ƙofar gida, don girman Allah kada wanda ya tashi.